Cikin Abuja Ko Gefen Gari? Lissafin Da Ya Kamata Uwargida Ta Yi Kafin A Biya Kuɗin Haya



Idan kin taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja da asuba, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Tun kafin gari ya waye bakin titi a Masaka da Ado da Mararaba ya cika da jama'a, kowa na ɗaga wa mota hannu. A ciki akwai mata da goyo, akwai yara sanye da kayan makaranta suna gyangyaɗi a tsaye, kwandon abinci a hannu. Ni ma shekara biyar na yi a cikin wannan sahu, fararen kayan aikina a ninke cikin jaka don kada su yi dauɗa kafin in isa asibiti.

Duk shekara idan kuɗin haya ya kusa ƙarewa, magana ɗaya ce ke tasowa a gidaje da yawa: mu matsa cikin gari ne, ko mu ci gaba da zama a nan? Waɗanda ke cikin gari kuma, da zarar mai gidan haya ya aiko da takardar ƙari, sai su fara tunanin komawa gefe. Yawanci maigida ne ke zama ya yi lissafin: haya a can kaza, a nan kaza, bambanci kaza. Shi ke nan, an gama magana.

To 'yar uwa, wannan lissafi bai cika ba. Kuɗin da aka rage a haya ba ɓacewa yake yi ba, wani wurin ake komawa a biya shi: a mota, a ruwa, a barcin yara, a jikinki ke kanki. Wani lokaci cinikin yana da riba, wani lokaci kuma faɗuwa ce. Ke ce kika fi kowa sanin waɗannan kuɗaɗe da ba a rubuta su a takardar haya, saboda haka bai kamata a yanke shawarar kina kicin ba. Da Abuja zan yi misali domin ita na sani, amma wadda ke Kano tana auna cikin birni da Kumbotso ko Ungogo, da wadda ke Kaduna tana tunanin Rigachikun, za su ga lissafin duk ɗaya ne.

Yadda aka yi ma'aikata suka koma gefe

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Unguwannin farko su ne Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. Garuruwa irin su Nyanya, Karu da Kubwa kuwa tun farko su suka ɗauki ƙananan ma'aikata. Daga shekarar 2005 gwamnatin tarayya ta shiga sayar da gidajen da ma'aikatanta ke ciki, ga kuma rusau da aka yi ta yi a wuraren da aka ce sun saɓa wa tsarin birnin. Wanda bai iya saye ba da wanda aka rushe wa, duk suka nufi gefe.

A yau manyan hanyoyi uku ne ke zubo jama'a cikin birni kowace safiya. Akwai ta Keffi, mai kwaso mutanen Masaka, Mararaba, Nyanya da Karu, ta haura Kugbo ta faɗa AYA. Akwai ta Kubwa, mai kwaso na Suleja, Madalla, Zuba, Dei-Dei da Dutsen Alhaji. Sai ta filin jirgin sama, mai ɗauko na Gwagwalada, Kuje da Lugbe. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024 ya bi ta Idu zuwa filin jirgi da ɓangaren Kubwa, amma bai leƙa hanyar Nyanya da Mararaba ba.

Ki kuma lura cewa Mararaba da Masaka ba Abuja ba ne, suna ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. Madalla da Suleja kuma jihar Neja ne. Wannan ba zancen taswira ba ne kawai. Makarantar gwamnatin da ɗanki zai shiga, da asibitin da za ki yi awo, da takardar filin da za ku saya, duk suna hannun gwamnatin da gidan ya faɗa a ƙasarta.

Ɗauko biro da takarda

Kafin 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Duk wanda ya zaɓi gidansa kafin wannan lokaci, da tsohon lissafi ya zaɓa, ya kamata ya sake zama.

Bari mu yi misali, ke kuma ki cire lambobina ki sa naku. A ce gida mai ɗaki biyu da falo kusa da wurin aikinku ya fi irinsa na Masaka tsada da naira miliyan 1.2 a shekara. Idan kika raba gida 12, naira 100,000 ke nan a wata. Wannan shi ne abin da ake cewa an rage.

Yanzu a ce ke da maigida duk kuna fita aiki, kowannenku yana kashe ƙarin naira 2,000 a mota kullum saboda nisa. Mutum biyu, kwana 22 na aiki, ya kama naira 88,000. Saura 12,000. Idan unguwar ba ta da ruwa, kina sayen kura ɗaya ta naira 1,000 duk bayan kwana biyu, 15,000 ke nan a wata. Ribar ta ƙare har an ci uwar kuɗi, ba a ma zo kan abincin da kuke saye a hanya ba, ko wanda ake biya ya riƙe yara kafin ki dawo.

Amma juya misalin ki gani. A ce maigida ne kaɗai ke shiga gari, ke kina sana'arki a gida ko kina koyarwa a makarantar unguwa. Kuɗin mota ya koma 44,000. Ko an cire na ruwa, akwai rarar 41,000 duk wata, ga cefane mai sauƙi. Idan ma'aikatarsa na da motar ɗaukar ma'aikata, rarar ta ƙaru. A nan gefen gari ya yi nasara ba tantama.

Kin ga ashe tambayar farko ba ita ce "nawa ne haya?" ba. Ita ce: mutum nawa ne a gidan nan za su riƙa hawa wannan hanya kullum?

Akwai kuma abin da ke hana mutane matsawa ko da lissafi ya nuna musu matsawar ta fi. Kuɗin mota kaɗan-kaɗan ake biyansa, haya kuwa a dunƙule ake nemanta: ta shekara guda cur, wasu ma ta biyu, ga kason dillali wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne, ga kuɗin lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara in ba a ci ba a sha ba. Don haka kada ki ga maigida ya ƙi zancen tashi ki ɗauka bai damu da wahalarki ba. Idan kun ga matsawa ita ce alheri, tun yanzu za a fara tari ko a shiga adashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da ba a biya da naira

Tazarar Mararaba da tsakiyar Abuja ba wata mai yawa ba ce. Ranar Lahadi da safe, cikin abin da bai kai rabin awa ba kin isa. Ranar Litinin kuwa, ko ranar da mota ta lalace a hawan Kugbo, ko aka yi ruwan sama da yamma, awa biyu ba abin mamaki ba ne. Idan kina cin awa biyu zuwa, biyu dawowa, awa 88 ke nan a wata. A wata 11 na aiki ya kama awa 968, wato kwana 40 da 'yan awanni, dare da rana, kina zaune a mota. Wankan jego guda ke nan duk shekara, a kan titi.

Ba ni na fara biyan wannan bashi ba, 'yata ce. Da ta isa shiga aji ɗaya, sai na sa ta a makarantar da ke kusa da wurin aikina, ina ganin dabara na yi: in ajiye ta da safe, in ɗauke ta idan na tashi. Ƙarfe huɗu da rabi nake tayar da ita. Ba a gama zango na biyu ba malamarsu ta kira ni, ta ce, "Maman yara, yarinyar nan kullum barci take yi a aji, ko dai ba ta da lafiya ne?" Ni da nake ma'aikaciyar jinya sai na tafi neman cuta. Aka gwada jininta, aka duba zazzaɓin cizon sauro, na ba ta maganin tsutsar ciki. Ba a ga komai ba. Sai wata abokiyar aikina da ta girme ni ta tambaye ni ƙarfe nawa take kwanciya, ƙarfe nawa take tashi. Na ƙirga: goma na dare zuwa huɗu da rabi, awa shida da rabi. Kunya ta kama ni.

Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da ba ya samun haka sai ki ga yawan rigima, rashin riƙe karatu, da saurin fushi, a yi ta dukansa ana cewa ba ya ji. Tun daga nan na riƙe ƙa'ida ɗaya: duk inda za a zauna, makarantar ƙaramin yaro ta kasance kusa da inda yake kwana. Sai dai hakan na buƙatar amintaccen mutum da zai karɓe shi idan an tashi, kuma wannan ma yana cikin lissafi.

Mai shayarwa ma tana da nata. Ana so jariri ya sha nono zalla har wata shida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, ta kuma ba ta rabin awa sau biyu a rana don shayarwa idan ta koma aiki. To me rabin awa zai yi wa uwar da jaririnta ke Masaka ita tana Wuse? Nonon da aka tatsa yana kai kamar awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, ko kwana huɗu a firjin da wuta ba ta ɗauke masa. Idan za ki bar gida biyar na asuba ki dawo takwas na dare, ba ki da tsayayyen firji, dole ki san yadda za ki yi tun kafin hutun ya ƙare.

Tambayar ƙarfe biyun dare

Wannan ita ce tambayar da nake so ko kin manta da komai, kada ki manta da ita: idan wani abu ya taso a gidan nan da ƙarfe biyun dare, minti nawa za mu yi kafin mu isa hannun likita?

A aikinmu akwai abin da ake kira jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun nan, gidan da kuka zaɓa ne ke yanke shi. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa, kuma yana iya ɗauke mace mai cikakkiyar lafiya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke haddasawa, ita ma ba ta jiran gari ya waye.

Kada allon da aka kafa a bakin titi ya ruɗe ki. Ƙaramin asibitin unguwa yana da amfani ƙwarai wajen awo, rigakafin yara da haihuwar da ta zo da sauƙi. Amma abin da za ki tambaya shi ne: ina ne mafi kusa da ake yin tiyatar haihuwa da dare? Suna da jini a ajiye? Suna da iskar oksijin? Suna da kwalbar saka bakwaini? Gefen gari ba yana nufin babu asibiti ba. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Nyanya, Kubwa, Karshi, Bwari da Kuje, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, akwai cibiyar lafiya ta tarayya a Keffi. Wanda ke zaune a tsakiyar Gwagwalada ya fi wasu mazauna cikin birni kusa da ƙwararrun likitoci. Matsalar ta fi yawa ga sababbin unguwanni na can ciki, inda sai an yi tafiya mai nisa a hanyar da ba kwalta kafin a fito bakin titi.

Mu a can ciki muke. Wani dare ina bakin aiki, ɗana ɗan shekara biyu ya yi zazzaɓi mai zafi har ya fara jijjiga. Ba mu da mota a lokacin. 'Yan acaba sun tashi, 'yan banga sun rufe ƙofar layi. Maigida ya kira ni muryarsa na rawa, ni kuma ga marasa lafiya a gabana, ba halin tafiya. Abin da na iya gaya masa shi ne ya kwantar da yaron a gefensa, kada ya cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura masa komai, ya nemi mota ko ta wane hali. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Gbagyi da muke kira Mama, ita ta ji hayaniya ta fito, ta tayar da ɗanta mai keke napep, ta goya yaron da zanenta, ta je da kanta ta sa aka buɗe ƙofa. Kusan awa guda aka yi kafin su isa asibiti. Allah Ya taimaka, zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi magani ya warke.

Darasi biyu na koya a daren nan. Nisan gidanmu da titi ya kusa ja mana asara. Kuma maƙwabtakar unguwar ce Allah Ya sa ta zama sanadin tsira.

Saboda haka idan kina da ciki ko kina sa ran samu, musamman in an taɓa yi miki tiyata, ko kina da hawan jini, ko kin taɓa zubar da jini bayan haihuwa. Idan akwai mai sikila ko asma a cikin yara. Idan akwai tsoho mai ciwon suga ko na zuciya a hannunku, to ki ɗora kusanci da asibiti sama da yawan ɗakuna.

Ruwa, wuta da damina

Unguwannin cikin birni da dama suna shan ruwan famfo daga madatsar ruwa ta Usuma da ke yankin Bwari. Da yawa daga na gefe kuwa sai rijiya, burtsatse ko mai ruwa. Ki duba da idonki inda rijiyar gidan take da inda ramin masai yake. Ana so tsakaninsu ya kai mita 30, amma a filayen da aka yanka ƙanana aka cika su da ɗakuna, sau da yawa bango ɗaya ne ya raba rijiyarki da masan maƙwabci. Daga nan taifot da gudawa da kwalara ke shigowa, kuɗin da aka rage a haya ya ƙare a kemis. Idan rani ya yi nisa, wajen Maris da Afrilu, rijiyar tana ƙafewa? Mai gidan ba zai gaya miki ba, matan gidan za su gaya miki.

Wuta kuma an kasa ta rukuni biyar, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa huɗu. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, ya ninka fiye da sau uku. Wato mai wuta da yawa yana kuka da tsada, mai ƙarancinta yana kuka da man janareta. Ki tambayi rukunin da layin yake, ki tambaya ko ɗakinku na da mitarsa ta kati ko haɗaka ake yi da sauran 'yan haya, domin rabon kuɗin wuta ya ɓata zumunci a gidaje da yawa. Idan kuma janareta za a dogara da shi, a tabbatar akwai wurin ajiye shi a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe iyali guda cikin barci.

Gidan da kika gani da rani ba shi ne gidan da za ki zauna da damina ba. Ko a watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje masu yawa a wani rukunin gidaje na Lugbe, gidaje ne kuma masu kyau da tsada. Ki dubi gindin bango, ruwa yana barin shaidarsa. Ki dubi ko gidan yana kwari ko kusa da rafi.

Ita ma hanyar tana da nata haɗarin. 'Yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, sun fi samun dama a kan mai fita da duhu da mai dawowa da duhu, kuma mata ne suka fi sauƙin cuta a wurinsu. A farkon 2024 masu garkuwa da mutane sun addabi wasu unguwannin yankin Bwari. A watan Maris na 2025, cikin azumi, wata babbar mota ta ƙwace kusa da gadar Karu lokacin da mutane ke komawa gida, motoci da dama suka ƙone, aka rasa rayuka. Ba don in tsorata ki na kawo waɗannan ba, tsari na Allah ne. Amma wanda ke bin hanya sau biyu a rana ya kamata ya san halinta, ya riƙa shiga mota a tasha, ba duk wadda ta tsaya masa ba.

Abin da gefen gari ya fi cikin gari

Kada ki ji duk wannan ki ɗauka cikin birni aljanna ce. Abin da kuɗin ƙaramin ma'aikaci ke iya kamawa a Garki ko Wuse sau da yawa boskwata ne a bayan gidan wani: ɗaki ɗaya, ba tsakar gida, ba wurin shanya, yaro ya yi kuka a aiko a ce a yi shiru. Wasu masu gida tun kafin su karɓi kuɗi za su tambayi yara nawa gare ku. Baƙi daga gida kuwa, wanda ba ya yankewa ga duk Bahaushen da ke Abuja, sai ya zama abin fargaba. Ɗakunan da ke da sauƙi a tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, su kuma kullum ana cikin zullumin rusau.

Na sha ganin masu jego daga manyan unguwanni da ke zuwa rigakafi su kaɗai, idonsu ya faɗa, ka tambaye su wa ke taya su a gida su ce babu. Shekara biyu a gida ɗaya ba su san sunan maƙwabciya ba. Kaɗaici ga mai jego ba ƙaramin ciwo ba ne, yana cikin abubuwan da ke jefa mace cikin damuwa bayan haihuwa.

A Mararaba ko Suleja ko Dei-Dei kuwa, za ki samu Islamiyya a bayan layi, mai markaɗe a kusa, wadda za ki bar wa yaro ki je kasuwa. Kayan miya a kasuwar Orange ta Mararaba ko ta Dei-Dei ba a haɗa farashinsu da na kasuwar Wuse. Idan kina da sana'ar hannu, ɗinki, kitso, ƙunshi, zoɓo, ƙosai ko sayar da atamfa, a unguwa mai jama'a take ci, ba a layin da kowa ya rufe get ba. Yara suna da filin wasa. Sannan a gefen ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya mafarkin mallakar fili ya huta da haya. Sai dai a nan ma a yi hattara: a cikin yankin babban birnin tarayya, minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili, takardar mai unguwa ba ta hana rusau. A bincika a hukumar AGIS idan filin na Abuja ne, ko NAGIS idan na Nasarawa ne, kafin a ba kowa ko sisi.

Abin da muka yi

Bayan daren da na ba ki labari, na samu maigida bayan ya ci abinci ya huta, na ajiye masa takarda. Ban ce masa na gaji ba, duk da na gaji. Lambobi na nuna masa: abin da muke kashewa a mota mu biyu, na ruwa, na asibiti a shekarar, da awannin barcin yara. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce bai taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Ba mu koma tsakiyar birni ba, ba mu da ƙarfinsa. Mun yi adashi na shekara guda, muka bar gida mai ɗaki uku muka koma mai ɗaki biyu a unguwar da ke tsakani, kusa da bakin titi, kusa da babban asibiti, mota ɗaya zuwa wurin aikina. Mun rasa fili, mun rasa Mama, har yau yara na tambayarta, mukan kai mata ziyara. Amma ina sallar asuba a gida in karya da yarana. Ɗan filin da muka saya a can kuma yana nan, idan yara sun girma, haihuwa ta tsaya, wataƙila can za mu koma. Gidan da ya dace da mai goyo ba lallai ne ya dace da mai 'yan sakandare ba. Zaɓin ba na har abada ba ne.

Kafin a biya

Idan an nuna muku gida, ko a ciki ko a gefe, gani ya kori ji. Ga abin da nake ba ki shawara:

1. Ku gwada hanyar ranar Litinin, a daidai lokacin da za ku riƙa fita, da irin motar da za ku riƙa shiga. Ku sake gwadawa da yamma. Kada a gwada ranar Asabar.

2. Ki je unguwar bayan isha'i. Akwai haske? Akwai abin hawa? Ƙarfe nawa ake rufe layi, wa ke riƙe da makulli?

3. Ki je asibiti mafi kusa ki yi tambayoyin nan huɗu: tiyata, jini, oksijin, kwalbar jarirai. Ki auna mintocin da kika yi daga ƙofar gidan.

4. Ki nemi mutum biyu masu abin hawa a layin da za su ɗaga waya da dare, ki ajiye lambarsu.

5. Ki yi hira da matan gidan ko na maƙwabta ba a gaban dillali ba. Ruwa, wuta, ambaliya, ɓarayi, halin mai gida: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

6. Ki leƙa makarantar boko da Islamiyyar da yara za su shiga, ki ƙirga awannin barcinsu tun daga yanzu.

7. Ku haɗa komai a takarda ɗaya, ku duba tare, ku yi istihara.

Na san akwai 'yan uwa da yawa da ba zaɓi ne ya kai su inda suke ba, iya ƙarfin ke nan. Ko a haka akwai abin gyarawa: a dawo da makarantar yaro kusa, a san asibitin dare tun kafin buƙata ta taso, mai ciki ta koma wurin 'yan uwa da ke kusa da asibiti idan watanta ya kama, a kuma riƙe maƙwabta da kyau.

Ke fa, a ina kike zaune, kuma me kika gano bayan kin tare wanda kika so a ce kin sani tun farko? Ki ba mu labari, wata na nan tana shirin biyan kuɗin haya a ƙarshen watan nan. Allah Ya sa mu dace da maƙwabta nagari, Ya mallaka wa kowa nasa, amin.